Ranar Yanka Da Ranar Biki A Ƙasar Hangari

A tsakiyar ƙasashen Turai akwai wata ƙasa ana kiranta Hangari, babban birninta Budafest, a bakin kogin Danub. Ba ta da gaɓar teku ko kaɗan. Yawancinta fili ne shimfiɗaɗɗe mai albarkar noma, mutanenta kuwa ba su cika miliyan goma ba. A kudu maso gabashin ƙasar, kusa da iyakar Romaniya, akwai wani gari mai suna Bekeshcaba. A shekarar 1997 mutanen garin nan suka fara wani biki na abinci, wanda su kan yi in watan Oktoba ya kusa ƙarewa. Abincin da a ke taruwa dominsa sunansa kolbas, watau nama ne a ke niƙawa, a cuɗa shi da gishiri da dakakken jan barkono da tafarnuwa, a ɗura cikin hanji, a soya ko a kyafe da hayaƙi. Ƙungiyoyi ɗaruruwa su kan jeru, ko wace da teburinta. Waɗansu 'yan gida ɗaya ne, waɗansu ma'aikatan ofis ɗaya, waɗansu abokai ne kawai. Kowa ya cuɗa nasa ya ɗura, alƙalai su bi suna dubawa suna ɗanɗanawa, ga makaɗa, ga dubban baƙi suna saye suna ci.

Ba a Bekeshcaba kaɗai a ke irin wannan ba. A wani ƙauye mai suna Nafkor, can arewa maso gabas, a kan yi gasar mahauta cikin tsananin sanyi, ko wace ƙungiya ta gyara dabbarta a gaban 'yan kallo tun daga babbaka har girki. A Budafest ma an sha yin biki a watan Fabrairu domin wani irin alade mai gashi nannaɗe kamar na tunkiya. Duk bukukuwan nan asalinsu ɗaya ne. Sun samo tushe daga wata rana da ko wane gidan manomi ya ke yi sau ɗaya a shekara, ranar yanka, wadda yanzu gidaje kaɗan ne suka riƙe ta. To, tambayar da na ke so mu duba ita ce wannan: in al'ada ta tsufa, larurar da ta haife ta ta gushe, sa'an nan mutane suka mai da ita biki don kada a manta, shin sun cece ta ke nan, ko kuwa sun yi mata jana'iza ne da kiɗa?

Kafin mu shiga, akwai abin da ya kamata a faɗa a fili. Naman da a ke waɗannan bukukuwa a kansa naman alade ne, wanda ya ke haram ga Musulmi. Mutanen Hangari kuwa yawancinsu Kirista ne, addininsu bai hana su ba. Ba a ce mai karatu ya ɗanɗana ba, an ce ne ya duba. Mai hankali ya kan ga yadda wani ya ɗora jinkarsa ya ƙaru, ko da ba zai taɓa kwana a ɗakin ba.

Sai mu fara da yadda aka yi dabbar nan ta zama ginshiƙin abincinsu. A shekarar 1526 Turkawa na daular Usmaniyya suka ci rundunar Hangari da yaƙi a Mohac, a 1541 suka kama birnin Buda, suka zauna a cikinsa har 1686. Mutanen ƙasar har yau suna ba da labari cewa a zamanin nan in mayaƙa suka faɗa wa ƙauye su kan kora shanu da tumaki su bar alade, tun da ba su cinsa, sai talaka ya ƙara riƙe abin da ba a ƙwace masa. Jan barkonon da su ke taƙama da shi, wanda su ke kira fafirika, asalinsa daga Amurka ne, ta hannun Turkawa da maƙwabtansu na kudu ya shigo. Garin Bekeshcaba kansa ya zama kufai a yaƙe-yaƙen nan, sai a 1718 manoma 'yan ƙabilar Sulobak suka zo suka sake raya shi, jikokinsu ne suka yi suna da kolbas. Ka ga ashe abin da a ke kira gadon gargajiya shi ma haɗe-haɗe ne, wani daga gabas wani daga yamma, zamani ya cuɗa su kamar yadda a ke cuɗa naman da yaji. Ya kamata mu riƙe wannan, domin mai cewa kada a taɓa al'ada ya kan manta cewa taɓawa ce ta gina ta.

Ga yadda ranar yanka ta ke a da. Manomi ya kan yi shekara guda yana kiwon alade ɗaya ko biyu a bayan gida, da masara da dusa da sauran abincin da aka rage. Ba a yanka sai sanyi ya kama sosai, daga ranar 30 ga Nuwamba, wadda su ke kira ranar Waliyyi Andarawus, har zuwa gabanin azuminsu na kwana arba'in. Dalili kuwa a fili ya ke: ba firji a lokacin, sanyin Allah shi ne firjinsu. Tun da asuba, gari bai waye ba, maza su kan taru da fitila, da wani gwani da su ke kira boller, wanda shi ne mahaucin unguwa, ko da ya ke sau da yawa manomi ne kamar kowa, hannunsa ne dai ya faɗa. In an kashe dabbar sai a rufe ta da karan alkama a cinna wuta a babbake, a kankare, a wanke, a feɗe. Daga nan aiki ya rabu. Mata su ɗauki hanji su yi ta wanki har ya fita fes, maza su yi ta yanka da niƙa, tsofaffi su auna gishiri da yaji, yara su yi ta aike da iza wuta.

Ba abin da a ke zubarwa. Kitse a narka shi a babbar tukunya a zuba a mazubi mai murfi, shi ne man girkin gidan har shekara ta kewayo. Kitsen baya a shafe shi da gishiri a ajiye, su kan kira shi salona, shi ne guzurin manomi a gona tare da burodi da albasa. Hanta da huhu da jini a haɗa da shinkafa a ɗura a hanji, wannan shi ne hurka, ba ya daɗewa, sai a ci da wuri. Cinya da kolbas a rataye a ɗakin hayaƙi, su ne za su kai gidan har lokacin girbi, sa'ad da aiki ya fi tsanani. Da dare kuwa duk wanda ya sa hannu sai ya zauna a ci tare, da miya da kabeji da soyayyen nama. Wannan liyafa sunanta disnotor. Abin lura a nan, kalmar tor ita ce su ke kiran abincin da a ke ci bayan an dawo daga binne mamaci. Watau harshensu da kansa bai manta ba cewa wannan ƙoshi rai aka bayar kafin a same shi.

Amma abin da ya fi ko wane muhimmanci a ranar nan ba a tukunya ya ke ba. Kafin a kwanta, ko kuwa da safe, uwargida ta kan jera kwanoni ta zuba wa ko wane ɗan hurka, da ɗan kolbas, da yankan nama, ta rufe da ƙyalle, ta aiki yara su kai gidajen dangi da maƙwabta, wani lokaci har da limamin cocinsu da malamin makaranta. Wannan rabo sunansa koshtolo, ma'anarsa ɗanɗano. Ko wane gida ya san wanda ya kawo masa, ya kuma san ranar da ya yanka nasa dole ya rama. Dangi ma ba su kan yanka rana ɗaya ba, wannan ya yi yau, wancan mako mai zuwa, don hannuwa su isa aikin. Da haka sai ya zama gidan da ya yanka sau ɗaya tak yana cin sabon nama sau da yawa cikin sanyin nan, yau daga gidan wa, jibi daga gidan suruki. Ɗanyen nama ba ya ajiyuwa, to, sai suka sami inda za su ajiye shi bai ruɓe ba, watau a wurin maƙwabci.

Wannan bashi ne, amma bashin da ba a rubuta shi a littafi, ba a karɓar rasit, ba a kuma taɓa biyansa ya ƙare. In ka kawo mini yau na kai maka gobe, ba mu rabu ba ke nan, sai ma mun ƙara ɗaurewa, gama baɗi za a sake. Mu ma a Hausa kalmar biki tana da wannan ma'ana ta biyu: abin da mace ta kai wa ƙawarta ranar suna ko aure, wanda za a rama mata in nata ya zo, shi ma biki a ke ce masa. Ashe mutane ko'ina sun gane cewa taro ba ya tsayuwa sai da abin da ke kaiwa yana komowa.

An gwada ƙarfin wannan al'ada sau biyu, sakamakon kuwa abin mamaki ne. Gwajin farko na ƙarfi ne. A farkon shekarun 1950, zamanin mulkin Kwaminis a ƙarƙashin Rakoshi, gwamnati ta ɗora wa manoma dokar kai mata wani kaso na amfanin gona tilas. Mutum ba shi da ikon yanka abin da ya kiwata da hannunsa sai ya karɓi takardar izini, in ya yanka kuma sai ya kai wa hukuma rabonta na kitse. Wanda ya yanka a ɓoye, abin da su ke kira baƙin yanka, ana iya ɗaure shi, an kuwa ɗaure mutane da yawa. Duk da haka ba a daina ba. A kan yi da tsakar dare a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, maƙwabta sun sani sun yi shiru, don su ma kwanonsu yana zuwa. A 1956 aka soke dokar kai amfani tilas. Har wani mai shirya sinima, Peter Bacso, ya yi wasan ba'a a 1969 wanda labarinsa ya tashi daga irin wannan yanka na ɓoye, hukuma ta hana nuna shi wajen shekara goma.

Gwaji na biyu na sauƙi ne, shi ne kuwa ya yi nasara. Firji ya shiga gidaje, man girki na 'ya'yan itatuwa ya yi araha, likitoci suka yi ta gargaɗi a kan kitse, samari suka koma birane aikin albashi. Bayan faɗuwar mulkin Kwaminis a 1989 manyan kantuna suka cika ƙasar, nama yankakke a nannaɗe ko wace rana, rani da sanyi. A shekarun 1980 aladun ƙasar sun kusa miliyan goma, da yawansu a bayan gidajen manoma, amma a 2023 ba su kai miliyan uku ba, yawancinsu kuma a manyan gonakin kamfani. Ba wanda ya hana ranar yanka, ba wanda aka ɗaure. Mutane dai suka wayi gari ba su bukatarta, kuma ba su bukatar hannun maƙwabci. Abin da kurkuku ya kasa kashewa, jin daɗi ya kashe shi ba da ko faɗa ba. A daidai wannan lokaci ne bukukuwan suka fara tasowa. Mutum ba ya yi wa abu biki don tunawa sai ya ga alamar zai rasa shi.

To, me bukukuwan suka ceto? Kada mu yi musu rowar yabo, sun ceto abubuwa na gaske. Babban misali shi ne aladen nan mai gashi, wanda a ke kira mangalitsa. Asalinsa daga shekarar 1833 ne, sa'ad da Milosh, sarkin Sabiya, ya ba Yarima Yusufu, wakilin sarki a Hangari, kyautar waɗansu aladu, aka haɗa su da na ƙasar. Dabba ce ta kitse, wajen kashi biyu cikin uku na jikinta kitse ne, don haka ta yi shekara ɗari tana sarauta a zamanin da kitse ya fi tsoka daraja. Da zamani ya juya sai aibinta ya fito: ba ta girma da sauri, 'ya'yanta kaɗan ne, namanta ba shi da yawa. Masu kiwo suka watsar da ita, har ya zama a 1991 waɗanda suka rage na asali ba su kai 200 ba. Sai wani masanin kiwo, Peter Toth, ya bi ƙauyuka yana saye, tare da wani kamfanin ƙasar Sifen mai neman nama mai kitse don kyafaffiyar cinya. A 1994 aka sake kafa ƙungiyar masu kiwonta, a 2004 majalisar ƙasar ta sa ta cikin dabbobin gado da a ke ɗauka dukiyar ƙasa. Yanzu ana kiwonta dubbai.

Dubi wannan al'amari da kyau, gama akwai darasi mai ɗaci a ciki. Ba tausayi ne ya ceci irin nan ba, ciniki ne. Sai da aka sami masu son ci sa'an nan aka sami masu son kiwo. Bikin da a ke yi dominta talla ce, tallar kuwa ita ta riƙe ta da rai. Wanda ya ce kuɗi ba su taɓa al'ada sai sun ɓata ta, mangalitsa ta ƙaryata shi. Haka kuma sanin hannu. Yadda a ke jin gishiri ya isa, da yadda a ke ɗura hanji kada ya fashe ko iska ta shige, ba a koyonsu a littafi, sai an tsaya kusa da wanda ya iya. Saurayin da ya tashi a bene a birni, da ba don gasar nan ba, da ba abin da zai kai shi ya tsaya gefen kakansa ya koya. Ƙananan masu kiwo kuma suna samun kasuwa, gari yana samun suna. A 2010 ƙungiyar Tarayyar Turai ta yi rajistar sunan kolbas na Caba da na garin Jula maƙwabcinsa, don kada wani ya yi nasa a wani wuri ya sa musu suna. Duk wannan riba ce.

Amma akwai abin da biki bai iya ɗaukowa ba, ko da an so. Na farko shi ne bashin nan. Mai zuwa biki ya kan biya kuɗi a ba shi abinci. Kuɗi kuwa suna da wata ɗabi'a, su kan yanke magana. Wanda ya biya ya karɓi kayansa, tsakaninsa da mai kaya sai sallama, ba wanda ke bin wani ko gaisuwa. Wannan shi ne daɗin kuɗi, shi ne kuma hasararsu. Mutum dubu goma suna iya cin abinci a fili ɗaya su watse ba wanda ya ɗauki nauyin wani. A da kuwa mutum goma sun ci a ɗaki ɗaya, sun tashi ko wane da igiya a wuyansa, in ɗayansu ya kwanta ciwo lokacin girbi an san waɗanda za su shiga gonarsa.

Na biyu, gayya ta koma gasa. A ranar yanka in kolbas na maƙwabcinka ya ɓaci, kai ma ka yi hasara, tun da daga ciki za a cika kwanonka. Sabo da haka in ka ga ya rage gishiri sai ka faɗa masa. A wurin gasa kuwa kuskurensa ribarka ne, abin da ka sani sai ka ɓoye. Aikin hannun ɗaya ne, yajin ɗaya ne, amma zuciyar da ke bayan hannun ta juya. Na uku, ranar yanka ranar tattali ce. Dare ɗaya a ke ƙoshi, sauran shekara uwargida tana yanka kolbas da awo, tana lissafin kwanakin da suka rage kafin girbi. Biki ya ɗauki daren ƙoshin ya bar shekarar awon. Yaron da ya yi shekara yana kai wa dabba dusa, ya kuma ga ranar da aka kashe ta, ba ya wasa da loma. Wanda ya sayi tasa a rumfa yana iya cin rabi ya jefar da rabi, ba don mugunta ba, don dai bai ga abin da aka biya ba.

A nan wani zai tsai da ni ya ce, malam, kana yabon talauci ne don ba kai ka sha shi ba. Maganarsa kuwa tana da ƙarfi, dole a saurare ta. Matan da suka wuni hannunsu cikin ruwan ƙanƙara suna wankin hanji ba su ɗauki abin wasa ba. Kuma ba kowa ke da abin yankawa ba. Tsakanin yaƙin duniya na farko da na biyu, sabo da yawan manoman da ba su da gona, har a kan kira Hangari ƙasar mabarata miliyan uku. Irin waɗannan in kwano ya zo musu sadaka ce, ba su da abin ramawa, bashin da ya ɗaure masu hali da juna su kunya ya ke ɗora musu. Zumuncin ƙauye kuma yana tafe da sa ido da tsegumi, wa ya kawo da yawa, wa ya yi ƙwauro. Ba wanda ya sami firji da albashi sa'an nan ya roƙi Allah ya mai da shi zamanin da in kitse ya ƙare a watan Yuni sai haƙuri. Gushewar larura alheri ne, wanda ya ce ba haka ba bai ji yunwa ba.

Na yarda da wannan duka, amma bai rushe tambayar ba, ya dai sake mata fuska. Kakanni sun riƙe juna don dole, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ladansu a kan haka yana da iyaka, gama wanda ba shi da zaɓi ba a cika yaba masa don ya bi hanya. Jikoki kuwa an sauke musu dolen. Ko wane yana iya rufe ƙofarsa ya ci ya ƙoshi shekara guda bai san sunan na kusa da shi ba. Tambayar gaskiya ke nan: abin da iyaye suka yi don larura, 'ya'ya za su iya yinsa don zaɓi? In sun iya, nasu ya fi na iyayen daraja. In sun kasa, to, ya tabbata cewa abin da a ke kira kirkin mutanen da, yunwa ce ta ke tsare da shi, da ta tafi ya bi ta.

Biki ba ya amsa wannan tambaya, amma yana nuna cewa mutane sun ji ta. Ba don ƙarancin nama mutum zai yi tafiyar mil ɗari ya tsaya cikin sanyi yana cuɗa yaji da abokansa ba, ga kanti kusa da gidansa. Abin da ya fito nema shi ne ya yi aiki ɗaya da waɗansu, su gaji tare su ci tare. Ƙishin nan na gaske ne, biki kuwa kurɓi ɗaya ya ke bayarwa. Akwai kuma waɗanda ba su tsaya a kurɓin ba. Har yanzu a ƙauyukan Hangari akwai gidajen da in sanyi ya kama su kan sa rana, 'ya'ya da jikoki su zo daga Budafest da sauran birane, a yi aikin kamar da, a ci disnotor, kowa ya koma da ƙunshinsa, a kuma aika wa tsohuwar da ke maƙwabtaka da nata kwano. In an bi lissafin kuɗi da wahala, sau da yawa saye a kanti ya fi musu sauƙi. Sun sani, suna yi duk da haka. Waɗannan su ne suka amsa tambayar, ba alƙali, ba kyauta, ba mai kallo.

Sabo da haka ga inda na tsaya. Biki kamar rumbun iri ya ke. Manomin kirki ba ya raina rumbun iri, gama in shekara ta ɓaci shi ne abin komawa. Ya ajiye irin dabba, ya ajiye sanin hannu, ya ajiye sunayen abubuwa a bakin yara, waɗanda da sun ɓace da ba mai komo da su. Amma iri a rumbu ba gona ba ne, wanda kuma ya zauna yana yabon rumbunsa damina ta wuce shi, zai ci irin ne ya tashi hannu wofi. Ba a auna bikin Bekeshcaba da yawan baƙi ko tsawon kolbas. Ma'auninsa yana cikin sauran kwanakin shekara, bayan an naɗe rumfuna makaɗa sun tafi. In cikin dubban nan an sami waɗansu da suka koma gida suka tuna da wani wanda ya kamata a aika wa kwano, alhali ba abin da ya tilasta su, to, an ceci al'adar. In kuwa kowa ya koma da hoto da ƙoshi kaɗai, to, kalmarsu ta tor ta faɗi gaskiya, abincin bayan jana'iza aka ci.

Hukuma tana iya yin rajistar suna, majalisa tana iya kiran dabba dukiyar ƙasa, 'yan kasuwa suna iya kafa rumfuna. Kwanon da yaro zai ɗauka ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci kuwa, ba dokar da za ta aike shi, sai uwargida ta ga dama ta zuba. Zumunta a ƙafa ta ke.